Gayyata Uku, Gwaggo Ɗaya

Ina tsaye a kicin ina yanka albasa maigida ya shigo da waya a hannu, ya ce an hana Gwaggo biza. Ko wuƙar ban ajiye ba. Na ce ya sake faɗa. Ya sake faɗa. Na ce a'a, ba ta Gwaggo ba ce, mai shagon da ya cike mata takardu ne ya turo ta wani bisa kuskure. A lokacin cikina ya tsufa, ƙafafuna sun kumbura har takalmin maigida nake sakawa in zan je ganin GP, wato likitan unguwa, kuma cikin fari ne. Duk abin da na ɗora a kansa na haihuwa a ƙasar nan, a kan zuwan Gwaggo na ɗora shi.

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Ita ta ɗauke mu, ni da Yayana, bayan rasuwar mahaifiyarmu, ina ƙarama ko wanka ban iya yi wa kaina ba. A gidanta na girma a Kano, kuma ban taɓa neman abu ta hana ni ba. In an raba nama nawa ya fi na 'ya'yanta. In an yi ɓarna tare, su za a daka, ni a ce in je in wanke fuska. In baƙi suka zo suka tambayi wace ce wannan, sai ta ce, "Ta ɗan'uwana ce, amana ce." Mutane suna ta yaba mata, kuma ta cancanta. Amma ni tun ina yarinya kalmar nan take yi mini wani iri, don na lura ba a yi wa amana tsawa, ba a kuma aike ta kasuwa da rana tsaka. Na yi shekaru ina kishin ƙannena, wato 'ya'yanta, a kan dukan da ake yi musu, abin da ba na jin kowa zai yarda in na faɗa.

Da na gane ina da ciki, ita kaɗai na kira. Ko ita ban faɗa mata da baki ba, ina zan iya. Na ce, "Gwaggo, kwanan nan ba na jin daɗin jikina, ƙamshin girki ma ba na so." Ta ce, "To, Allah Ya raba lafiya. Kada ki gaya wa kowa." Haka muka taso. Ciki ba labari ba ne, ba a shelarsa, sai dai ido ya gani ya kau da kai. Nan kuwa ba idon da zai gani. Muna zaune a wani ɗan flat na haya a unguwar Levenshulme da ke Manchester, bayan Stockport Road, sama da shagon wani mai gyaran waya. Yaya yana Birmingham yana digiri na uku a jami'a, da matarsa da 'yarsu da ta fara makaranta. Kusan kullum muna waya da matar Yaya ta bidiyo, muna hira, muna gulmar farashin doya, amma daga wuya zuwa sama nake nuna mata kaina. Na ƙware a riƙon wayar nan har maigida yana mini dariya.

Muka haɗa takardun gayyata yadda ake so, da shaidar gida da ta aikin maigida, muka tura wa wani mai shagon kwamfuta a unguwarsu Gwaggo, wanda shi yake cike wa mutanen unguwa irin waɗannan abubuwa. Na share ƙaramin ɗaki, na sayi bargo mai nauyi da safa saboda sanyi, na sayi babbar tukunya ta dafa ruwan wanka. A raina na gama tsarawa: Gwaggo za ta riƙe hannuna a asibiti, ta yi mini wankan jego safe da yamma, ta dama mini kunu, ta koya mini yadda ake riƙe jariri ba tare da na karya shi ba. Tsoro nake ji sosai, ba zan ɓoye ba. Mahaifiyata wurin haihuwa ta rasu, kuma ba ranar da ban tuna da haka ba tun da cikin nan ya fara motsi.

Maigida ya zauna a kan kujerar kicin ya karanta mini dalilin. Sun ce ba su gamsu da inda za ta sauka ba, ko wa zai ɗauki nauyinta, domin an ba su mutum uku, kowa ya ce a gidansa za ta zauna, kuma duk a lokaci guda. Na ce mutum uku kamar yaya? Ya juyo mini da wayar. Ga adireshinmu. Ga wani a Edgbaston. Ga wani a Whalley Range.

Na san duka biyun. Na Edgbaston gidan Yaya ne. Na Whalley Range kuwa na Babban Yaya ne, ɗan farin Gwaggo, wanda yake aikin jinya a nan Manchester tun kafin mu zo. Shi ba a hannunta ya girma ba, mahaifinmu ne ya riƙe shi, kuma har yau ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa doguwar magana, sai dai ta ce "mutumin nan". Daga gidanmu zuwa nasa tafiyar bas ce kawai. Ranar Sallah ma tare muka ci abinci, ina cikin wata ƙatuwar abaya, yana ta ba mu labarin wurin aiki, bai ce mini uffan a kan Gwaggo ba. Ni ma ban ce masa ba.

Na zauna a ƙasa, a kan tayil ɗin kicin, da cikin da komai. Abin da ya fi ɗaure mini kai ba hanin ba ne. Mutum uku 'yan gida ɗaya, muna magana kullum, muna cikin group ɗaya a waya muna tura wa juna addu'ar Juma'a, kowa ya je ta bayan ɗan'uwansa ya gayyato tsohuwa ɗaya. Ita kuma ta amsa wa kowa.

Na kira Gwaggo, ba ta ɗauka ba. Na kira Yaya, ya ce yana lab, ɗakin bincikensu, zai kira ni. Ina da zuciya, wannan kowa ya sani a gidanmu. Washegari Asabar na ce wa maigida Birmingham za ni. Ya ce da wannan cikin? Na ce da shi, ai ba ajiye shi ake yi ba. Ya ga ba zan saurara ba, ya kira Babban Yaya, shi kuma ya ce mu bar jirgin ƙasa, zai kai mu a motarsa. Babban Yaya ya dubi cikina sau ɗaya lokacin da nake shiga mota, ya buɗe baki, ya rufe, ya kunna karatu. Sai da muka yi nisa ya ce, shi dai ya ƙare wani kwas ne, za a yi bikin ba da shaida, ya so ta gani da idonta. Ya ce wannan ba shi ne karo na farko da ya tura mata gayyata ba. Kullum sai ta ce to, in lokaci ya zo kuma ta ce ƙafa ta tashi.

Na tanadi maganganun da zan gaya wa Yaya tun daga Manchester. Na jera su, na gyara, na ƙara musu gishiri. Muka hau bene, na danna ƙararrawa da ƙarfi. Matar Yaya ta buɗe ƙofa.

Cikinta ya kusa taɓa nawa.

Muka tsaya a bakin ƙofa, ni a waje, ita a ciki, kowa tana kallon cikin 'yar'uwarta. Ba sallama, ba sannu da zuwa. Matar da jiya-jiya muka yi waya tana gaya mini yadda ake dafa faten wake. Ashe ita ma daga wuya zuwa sama take nuna mini kanta, ni kuma ina can ina jin daɗin wayona, ban taɓa tambayar kaina me ya sa kullum fuskarta take cika allo ba. Ta kai hannu ta rufe baki. Na ce, "Anti, ke ma?" Ta ce, "Innalillahi. Ke ma?" Duk maganganun da na tanada suka zube. Maigida da Babban Yaya suna bayana a kan matattakala, sun rasa inda za su sa idonsu, ɗaya yana kallon silin ɗaya yana kallon takalminsa.

A falo aka yi ta fayyacewa. Lokacin haihuwarmu kusan ɗaya ne, tsakani bai fi 'yan kwanaki ba. A haihuwarta ta farko mahaifiyarta ce ta zo, yanzu kuwa tana kwance, ba ta iya tafiya. Shi ya sa Yaya ya nemi Gwaggo. Su ma Gwaggo ta ce musu kada su gaya wa kowa. Na dubi Yaya na ce, "Ni ce kowa?" Ya ce, "To ni da kika ɓoye wa, ni ne kowa?" Sai na ce a ba ni ruwa.

Yaya ya kira Gwaggo ta bidiyo, ya jingina wayar da kwalbar ruwa a kan tebur, muka taru a gabanta. Ta ɗauka tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, tana tsince shinkafa. Da ta ga fuskokinmu gaba ɗaya, ta ajiye farantin a hankali. Ta gyara ɗankwali. Ta ce, "Au, kun haɗu."

Yaya ya ce, "Gwaggo, ya aka yi haka? Me ya sa ba ku gaya mana ba?"

Ta ce, "In gaya muku me? In ɗauki cikin wannan in kai wa wannan? Ni mai shela ce?"

Ya ce to takardun fa, me ya sa aka haɗa duka uku? Ta ce mai shago ne ya ga sun shigo ɗaya bayan ɗaya, ya ce mata, Hajiya, kin ji daɗinki, mutum uku sun tsaya miki, wa ya isa ya hana ki? Ita ma ta ga gaskiyarsa. A gida in mutum zai nemi wani abu, yawan masu tsaya masa shi ne darajarsa. Ko aure ake nema ba a tura mutum ɗaya. Ta ce ita a ganinta Turawan za su ce wannan tsohuwa tana da mutane, su buga mata hatimi da sauri.

Maigida, da ladabinsa, ya ce, "Gwaggo, to da an ba ku, a ina za ku sauka?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar yara. Ta ce, "Ba duk Ingila ba ce? In yi wa wannan wanka da safe, in hau mota in je in yi wa waccan, kafin la'asar na dawo." Ta ɗauka tsakaninmu kamar daga Gwale zuwa Fagge ne, a-daidaita-sahu ɗaya. Babban Yaya ya gaya mata irin tafiyar da muka yi da safen nan a kan babban titi. Ba ta dube shi ba, amma ta ji. Na ga fuskarta ta canza, ta daina motsi gaba ɗaya, har na ɗauka layi ne ya tsaya.

Yaya ya yi bayani a hankali. Za a iya sake nema, a nemi na gaggawa, a rubuta gaskiyar abin da ya faru. Amma dole wannan karon mutum ɗaya ne zai tsaya, gida ɗaya, adireshi ɗaya. Kuma ko ta zo, wanka safe da yamma har a yi arba'in ba ya rabuwa gari biyu. Babban Yaya ya ce shi a cire shi, bikin shaida ba wani abu ba ne, za a ɗauki hoto. Ya faɗe shi da sauri kamar wanda ya saba. Saura mu biyu.

Yaya bai ɓata lokaci ba, Allah Ya saka masa. Ya ce, "Gwaggo, maganar a fili take. Ita ce ta fari, ba ta san komai ba. Mu mun taɓa yi, kuma asibiti ga shi nan kusa da mu. Ku je Manchester." Matar Yaya ta ce haka ne, wallahi haka ne, ko da yake idonta ya cika da hawaye. Ni a raina magana ta ƙare. Matar da ba ta taɓa hana ni ko tsinke ba, kuma ta fi kowa sanin yadda uwata ta tafi. Har na fara tunanin a wane gefen ɗakin zan sa mata hitar ɗumama ɗaki.

Gwaggo ta jawo farantin shinkafarta. Ta ce, "A rubuta Birmingham."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Yaya ma ya ce, "Na'am?" Ta maimaita, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalle ni ba. Na matso kusa da wayar har fuskata ta cika allon, na ce, "Gwaggo, ni ce fa." Ta ce, "Na gan ki. Ki yi haƙuri, ki riƙa tafiya da ƙafa, kada ki yi ta kwanciya." Sai ta ce ana kiran sallah, ta kashe.

Ban yi kuka a gidan ba. Matar Yaya ta riƙe hannuna tana rantsuwa ba ta roƙa ba, ni kuma na san ba ta roƙa ba. Aka kawo abinci, na ci, ban san me na ci ba. A mota muna komawa, maigida yana ta cewa za mu san yadda za mu yi, akwai matan masallaci, akwai ungozoma. Babban Yaya ya dube ni ta madubi, ya yi wata 'yar dariya, ya ce, "Sannu da zuwa." Na ce zuwa ina? Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce in dai dariya zai yi mini ya sauke ni a bakin titi. Ya ce Allah Ya ba ni haƙuri, ya ci gaba da tuƙi.

Biza ta fito a karo na biyu. Gwaggo ta sauka a Birmingham, ban je taryarta ba, na ce likita ya hana ni tafiya, wanda rabinsa gaskiya ne. In ta kira sai in gaishe ta gaisuwar baƙo, lafiya lau, alhamdulillahi, in miƙa wa maigida. Matar Yaya ta riga ni sauka, namiji. Ni kuma bayan 'yan kwanaki naƙuda ta kama ni da hantsi, ina shanya. Na haihu da maigida a gefena yana karanto duk addu'ar da ya sani, da wata ungozoma Baturiya mai kirki tana shafa mini baya. A tsakiyar abin na kira sunan Gwaggo, maigida ya gaya mini daga baya, kuma na ji haushin kaina da na kira. Mace na samu, lafiyayya. Da aka ɗora mini ita a ƙirji na yi ta mamakin ina raye.

Wanka kuwa, maigida ne ya zama ungozomar gida. Gwaggo tana ba shi umarni ta waya, yana dafa ruwa a babbar tukunyar nan, yana ɗauka zuwa banɗaki yana ƙona yatsu. Kunun da ya dama na farko, da cokali muka yanka shi. Na yi dariya har ɗinkina ya yi zafi, sannan na koma kuka.

Ana gobe suna, da rana, aka buga ƙofa. Babban Yaya ne ya je ya ɗauko ta, wuni ɗaya kawai, da yamma zai mayar da ita saboda wankan can. Ta shigo cikin wata rigar sanyi ta Yaya da ta kai mata gwiwa, da leda a hannu. Ta karɓi jaririyar, ta yi mata addu'a, ta ce wannan kishiyar tata ba ta da kyau, hancin ubanta ta ɗauko. Ni ko kallon kirki ba ta yi mini ba. Ta zazzage ledar, busasshen ganyen darbejiya ne da yaji. Ta ce wa maigida ya ɗora ruwa, ya kuma tashi daga nan, ya isa haka.

Ta shigar da ni banɗaki ta rufe ƙofa. Ɗan banɗakin namu ko juyawa da ƙyar ake yi. Ta zaunar da ni a kan kujerar roba, ta naɗe hannun riga, ta fara tsoma ganyen tana buga mini a baya. Ruwan ya fi na maigida zafi nesa ba kusa ba. Na ce da zafi. Ta ce in yi mata shiru, raki ya yi mini yawa. Na juyo da mamaki, don tunda nake ba ta taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Muryar da take yi wa ƙannena ce.

Ban san lokacin da ya fito daga bakina ba. Na ce, "Gwaggo, me na yi miki? Kin san yadda nake tsoro."

Ta ci gaba da buga ganyen. Tururi ya cika wurin har ba na ganin fuskarta sosai. Ta ce, "Na sani. Ranar da aka ce kin shiga asibiti ban iya haɗiye ko ruwa ba." Ta sake tsoma ganyen. "Amma yarinyar can 'yar mutane ce, uwarta na kwance. Da wane ido zan kalli matar nan? In ce mata na bar tata na tafi wurin tawa?"

Na zauna ban motsa ba, ruwa yana gangara a bayana. Daga falo ina jin muryar Babban Yaya yana yi wa jaririyar wasa, mutumin da bai taɓa samun ta zo masa ko sau ɗaya ba. Gwaggo ta dungure mini kai da bayan hannu, ta ce in ɗaga hannu, ruwa yana hucewa, ita kuma tana da wani wankan a Birmingham kafin magariba.

Na ɗaga.